Wa Ya Tambayi Na Bayan Katanga?

Gwaggona ta fi shekara talatin cikin gidanta, kuma ruwan sama bai taɓa kwana a tsakar gidan ba. In an yi ruwa, ya bi ta rariya ya fita lungu, ya gangara ya tarar da kanibo a bakin babbar hanya, shi ke nan. A damanar da ta wuce sai ga mu da tsakar dare, ni da ƴaƴanta biyu, muna kwasar ruwa da bokiti da kwanon wanki daga cikin ɗakinta, katifa bisa kai, buhun hatsi ya jiƙe har rabi. Ruwan daren nan bai fi wanda aka saba ba. Abin da ya sauya shi ne gidan da ke manne da nata ya daina zama gida.

Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi unguwa ba, don ba na son maganar ta koma kan mutum guda. Kuma na san da yawa cikinku, a Maraɗi ko Damagaram ko Tahoua ko Yamai, kuna karantawa kuna cewa: ai layinmu ne.

Ga yadda abin ya faru. Mai gidan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Magada suka kasa raba ɗakuna, suka sayar suka raba kuɗi. Wani ɗan kasuwa ya saya, ya zo ya gaida maƙwabta kamar yadda ya dace, ya ce zai ɗan yi gyara. Gyaran nan shi ne aka rushe zaure da ɗakunan gaba, aka jera butik shida suna kallon gudron, aka yi magaza a baya, aka ɗora etaj a sama. Kafin a fara gini an cika filin da jar ƙasa, an ɗaga daɓe ya kusa kai ƙugun mutum, don kada ruwa ya taɓa kaya. An zuba kankare bisa kanibo don mota ta samu hawa. Indararo huɗu aka juyo da bakinsu lungu. To ruwan da a da yake shiga ƙasar tsakar gidan mamacin, da wanda yake bin kanibo ya wuce, ina za shi? Ya nemi inda ya fi ƙasa. Inda ya fi ƙasa yanzu shi ne ɗakin gwaggona.

Ruwa wata uku ne ko huɗu a shekara. Sauran abubuwan kullum ne. Tagogin etaj ɗin suna kallon tsakar gidanta kai tsaye: murhu, igiyar shanya, har bayin da ba shi da rufi kamar yawancin bayin gidajenmu. Ƴanmatan gidan sun koma wanka kafin asuba. Matar da ta tsufa tana shan iska da zane ɗaya a tsakar gidanta yanzu sai da hijabi take zama bakin murhu a watan Afrilu. Gurup kuwa an jingine shi da bangon ɗakin da take kwana, kuma kun san yadda wuta take a lokacin zafi. In kamiyo ya zo sauke kaya sai ya toshe bakin lungu. Ran da aka tashi kai jikarta likita da dare, a kafaɗa aka fito da yarinyar har bakin hanya.

Ta je ta same shi. Ta ce: “Alhaji, ka dubi Allah ka dubi zumuncin maƙwabtaka, wanga abu ya yi mini yawa.” Bai yi mata rashin kunya ba, gaskiya. Ya ce: “Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi da takarduna na yi.” Ya ba yaro jika biyar ya kai mata na goro, ta maido.

Kuma da takardunsa. Na gani da idona. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci fiye da ƙarar gurup ɗin.

Na je ofishin da abin ya shafa, na yi tambaya ɗaya: kafin a sa hannu, akwai wanda ya zo ya tsaya a lungun ya ga inda ruwa ke bi? Akwai wanda ya yi sallama a gidajen da ke kewaye? Amsar da na samu ita ce dosiye ya cika. Takardar fili tana ciki, zanen gini yana ciki, an biya abin da ake biya. Ma'aikacin bai ɓoye mini komai ba, kuma ban ga alamar mugunta a tare da shi ba. Aikin da aka ba shi ya yi: ya duba takarda. A cikin takardar kuwa babu gwaggona. Zanen yana nuna fili mai kusurwa huɗu, kewaye da farar takarda, kamar a tsakiyar Tenere za a yi ginin.

Ƴan uwa, nan ne matsalar take. Izinin gini, permis de construire ɗin nan, mun mayar da shi magana tsakanin mutum biyu: mai kuɗi da meri. Ɗaya ya kawo takarda, ɗaya ya buga hatimi. Na uku, wanda zai kwana da ginin har ƙarshen ransa, wanda darajar gidansa za ta faɗi, wanda bangonsa na laka zai sha ruwan indararon wani, shi ba ya da kujera a wurin. Sai ya ga tipa ta zube yashi sannan ya san akwai magana.

Kuma kalmar “gyara” ita ce ƙofar da komai ke bi ya wuce. In mutum ya ce zai gina sabon abu a fili, kowa na sa ido. In ya ce gyara, sai a ɗauka yaɓe ne da fenti da sauya kwano. Alhali mayar da gidan kwana ya koma butik shida da magaza ya fi gina sabon gida taɓa rayuwar unguwa. Gida yana kawo iyali guda. Kasuwa tana kawo kamiyo, da ƴan dako, da kabu-kabu, da shara, da fitila har tsakar dare, da mutanen da ba wanda ya san su suna tsaye a ƙofar gidanka. Wani lokaci abin da ke cikin magazar ma ba ka sani ba: taki ne, maganin ƙwari ne, ko jarkokin isansi ne aka jibge bango ɗaya da inda ƴaƴanka ke kwana. Duk wanda ya zauna garin da ke kusa da iyaka ya san ba tatsuniya nake ba.

Wani zai ce ai ba mu da doka. Muna da ita. Akwai dokar 2017 da ta shimfiɗa ƙa'idojin tsarin birane. Akwai ta 2018 kan gini da mazauni. Akwai wata ta 2018 ɗin dai kan auna tasirin ayyuka ga muhalli. Tun 1966 ma ƙasar nan take da doka kan wuraren sana'a masu haɗari, ko masu ƙazanta, ko masu takura wa jama'a. Kuma a cikin tsarin da muka gada akwai abin da ake kira enquête de commodo et incommodo: a sanar da mutane cewa ga abin da za a kafa, a buɗe rajista, duk mai magana ya zo ya faɗi amfanin abin ko cutarsa kafin a yanke. Ma'ana, tunanin cewa a ji ta bakin maƙwabci ba baƙo ba ne a ofisoshinmu. Sai dai an ajiye shi don manyan abubuwa, irin masana'anta da gidan mai da rabon filaye. Shi kuwa abin da ke cin unguwanninmu a yau ƙanana ne, ɗaya bayan ɗaya: gida ɗaya bana, biyu baɗi, kafin shekara biyar layi ya zama kasuwa ba tare da an taɓa zama an ce za a yi kasuwa a nan ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ban same shi a jami'a ba. Da na kai kukan wajen wani malamin zaure a unguwarmu, dariya ya yi, ya ce in ɗauko Risala. Littafin nan na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan, da aka rubuta sama da shekara dubu, wanda ake karantawa a zaurukanmu daga Birnin Damagaram har Konni. A babin hukunce-hukunce ya kawo misalan cutar da maƙwabci da aka hana, kuma cikinsu akwai buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabci, da buɗe ƙofa daidai ƙofarsa, da yin haƙa da za ta cuce shi ko da a cikin filinka ne. A ƙarni na 14 wani magini a Tunis, Ibn al-Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigimar gine-gine, ya rubuta littafi sukutum kan irin waɗannan: hayaƙi, wari, ƙara, ruwan indararo, tagar da ke leƙa gida. Ku lura da aikinsa: alƙali ba ya yanke hukunci daga zaune, sai ya tura wanda ya san gini ya je ya tsaya a wurin ya gani. Kakanninmu da suka yi zaure, suka karkata ƙofa don mai wucewa kada ya hango tsakar gida, suka hana mai hawan dabino ko mai gyaran soro ya hau ba tare da ya yi gyaran murya ba, sun san wannan ilimin ko ba su karanta shi ba. Mu da muka yi lakkol muka zo da siminti da hatimi, muka bar shi a baya.

Yanzu maganar ruwa, don ita ce ke kisa. Ƴan Maraɗi sun san dalilin da ya sa garinsu yake inda yake: a 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari da ke cikin fadama, aka hau da mutane bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu. An yi wannan tsarin ne saboda ruwa. A ranar 30 ga Agustan 2024, cikin wannan garin da aka gina don gudun ruwa, ruwan sama na ƴan sa'o'i ya kashe aƙalla mutum 15. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. A damanar shekarar ƙasar nan ta rasa sama da mutum 300, sama da miliyan ɗaya suka shiga halin ambaliya. Ba ina cewa butik ne ya jawo wannan ba. Ruwan ya yi yawa, yanayi ya sauya, kowa ya gani. Abin da nake cewa shi ne, a garin da ruwa ke ƙaruwa, duk tsakar gidan da aka shafe da kankare, duk daɓen da aka ɗaga, duk kanibon da aka rufe don mota ta hau, ruwa ne aka ɗauke daga kan mai hali aka ɗora wa wanda bangonsa na laka ne. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya. Kuma shi ne lissafin da babu shi cikin dosiye.

Na san abin da wasu za su rubuto mini a ƙasa. Za su ce: kai ɗan boko, baƙin ciki kake da mai nema. Za su ce butik shida aikin yi ne ga matasa goma sha biyu. Gaskiya ne, kuma ni kaina da digirina a aljihu na taɓa tsaron butik ɗin wani wata takwas, ban raina ba. Maraɗi da kasuwanci aka san ta, Alhazanta har littafi aka rubuta a kansu. Gari dole ya girma, gidan da ke bakin gudron dole wata rana ya zama wurin sana'a. Har magadan da suka sayar ba na ganin laifinsu, kuɗin da ɗan kasuwa zai ba su mai neman gidan kwana ba zai iya ba. Amma ku dubi abin da gwaggona take buƙata: a ɗaga tagogin baya sama da tsayin mutum ko a sa musu gilashin da ba a gani ta ciki, a haɗa indararo da bututu zuwa kanibo, a sa murfin da ake ɗagawa maimakon kankare, a maida gurup gefen hanya. Duk wannan, da an faɗa tun ginin yana kan takarda, bai kai kuɗin ƙofar ƙarfe biyu ba. Tun ran gini ran zane. Yau da aka gama, kowane ɗaya sai an fasa, kuma wa zai sa mai takarda ya fasa?

Mu ma matasa muna da namu laifin, bari in faɗa. Mu ne muke ɗaukar hoton kowane sabon etaj mai gilashi mu sa a Facebook mu rubuta “garinmu na ci gaba”. Ba mu taɓa zagayawa bayan ginin mu ɗauki hoton lungun ba.

Sannan kada wani ya ce mini hukuma ba ta da ƙarfin sa ido. Mun ga ƙarfinta. A 2016 a Yamai an bi manyan tituna an kwashe kiyos da rumfunan ƙananan ƴan kasuwa, ana shirin karɓar taron ƙungiyar Tarayyar Afirka da aka yi a 2019. Cikin ƴan makonni mai shayi da mai sayar da kati da mai gyaran waya suka ga abin da doka ke iya yi in ta tashi. To in ana iya auna rumfar kwano a ce ta shiga hanya da taku biyu, ana iya auna daɓen magaza a ce ya fi na maƙwabta da mita guda. Ma'aunin dai ɗaya ne. Wanda ake aunawa ne ya bambanta.

Abin da nake nema ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata ko tallafin waje. Duk wanda zai mayar da gidan kwana wurin kasuwanci, ko zai ɗora bene, ko zai ɗaga daɓe, a daina karɓar aikinsa da sunan gyara. A duba shi kamar sabon gini. Kafin a sa hannu, a kafa allo a ƙofar wurin, da Faransanci da Hausa, da Zabarmanci inda ya dace, a rubuta abin da za a yi, hawa nawa, wace sana'a, a ba mutane kwanaki su zo su yi magana. Kuma tun da yawancin iyayenmu ba karatun allo za su yi ba, mai unguwa ya aika a yi sallama gida-gida a kan waɗanda bangonsu ya haɗu da wurin. A nan ina da sharaɗi: a ji ta bakin matan gidan. Maigida yana fita da safe ya dawo da dare, wani lokaci ma kunyar Alhaji ba za ta bar shi ya ce uffan ba. Wadda ke wuni a tsakar gida ita ta san inda rana ke faɗowa, inda ruwa ke taruwa, inda ido ke shigowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Bayan haka ma'aikacin meri ya zo da ƙafarsa, ya tsaya, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa, takardar ta shiga dosiye. In an ba da izini duk da ƙorafin maƙwabci, to a rubuta dalili, a ba shi kofi ya riƙe. Ban ce maƙwabci ya samu ikon hana gini ba. Mun san halinmu, wani don tsohuwar gaba kawai zai hana. Na ce a ji shi, a rubuta, a amsa masa. Rubutun nan shi ne kariyar kowa, har da ɗan kasuwar, don gobe in rigima ta kai gaban alƙali akwai abin da za a buɗe.

Kuma akwai dalilin da ya sa wannan ya fi zama dole a yanzu. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane, aka naɗa wakilan da ke riƙe da su. Ko me mutum yake gani game da wannan mataki, abu ɗaya a fili yake: konseyen unguwa da a da za ka tare a ƙofar masallaci ka ce masa ga abin da ke faruwa a layinmu, yau babu shi. In babu wanda ka zaɓa a cikin ɗakin da ake yanke magana, abin da ya rage maka shi ne ƙa'idar da ke rubuce, wadda ta ce dole a tambaye ka. Masu riƙe da garuruwan nan suna iya farawa gobe da takardar umurni guda, a gwada a gunduma ɗaya cikin uku na Maraɗi ko ɗaya cikin biyar na Damagaram, a ga abin da zai biyo baya a damana mai zuwa.

Kafin nan, ku da ke karantawa, in kun ga an zube yashi da bulo a maƙwabtanku, kada ku jira sai an kai linta. Ku je da ladabi ku tambayi mai aikin me za a yi. Ku ɗauki dattijo ɗaya ku je wajen mai unguwa. Ku rubuta takarda zuwa meri, ku yi kofi biyu, a buga muku hatimin karɓa a kan ɗaya. Ku ɗauki hoton lungun da kanibon tun ba a taɓa su ba, da kwanan wata. Mu ba mu yi ko ɗaya ba, saboda an ce mana gyara ne, kuma mun ji kunyar tambaya.

Gwaggo yanzu ta sa an yi mata ƴar dakali a ƙofar ɗaki, bulo biyu, don tare ruwa. Da ƙafarta mai ciwo sai an riƙe ta take tsallakawa. Tsakar gidan an ja buhunan roba an ɗinke an yi rumfa ta gefen tagogin, iska ta daina shiga. Wani dillali ya zo sau biyu yana tambaya ko za ta sayar, ya ce ai wurin ya zama na kasuwa, zaman iyali ba zai yi daɗi ba. Ta ce masa: “Ɗana, nan aka kawo ni amarya, in na tashi ina za ni?”

Shekaranjiya na ga tipa ta zube yashi a ƙofar gidan da ke ɗaya gefen nata. Na tambayi magina, sun ce gyara za a yi. Ran Litinin da safe ni da mai unguwa za mu meri, da takardarmu kofi biyu.